Akuyar da Ke Yawo a Titin Bauchi Tana da Mai Ita

Duk wanda ya san cikin garin Bauchi ya san da wuya ka bi hanya daga Wunti zuwa Kobi, ko daga Jahun zuwa Bakaro, ba ka ci karo da awaki da tumaki suna kiwo a bakin kwata ba. Mun saba da su har ido ya daina ganinsu. Sai ranar da tunkiya ta gitta gaban mai babur ya faɗi ya karye, ko bunsuru ya kifar da tiren yarinya mai tallar ƙosai, sannan a ɗan yi hayaniya, wani ya ce "ai dabba ce, ba ta da hankali," kowa ya kama gabansa. Gaskiya ne dabba ba ta da hankali. Amma mai ita yana da shi, kuma kusan duk dabbar da ke gararamba a garin nan tana da mai ita. Wanda yake shakka ya tsaya a bakin lungu dab da magariba. Zai ga awakin da suka wuni a bola sun jero ba mai kora su, kowacce ta nufi gidan da ta fito, ta tura ƙyauren zaure da kai ta shige.

Saboda haka ni a ganina batun bai tsaya a kan dabba ba. Batu ne na mutum da maƙwabcinsa, da kuma hukumar da ke tsakaninsu. Kuma ina cikin masu ganin lokaci ya yi da za a hana sakin dabbobi a cikin gari, rani da damina, da doka rubutacciya wadda kowa ya san abin da ta ce. Sai dai ina jin tsoron irin dokar da za a yi, domin na san a kan wa aka saba sauke irin wannan kaya.

Bari mu fara da mai akuyar. Mafi yawan ƙananan dabbobin da ke gidajenmu na mata ne. Akuya ita ce asusun matar da ba ta da albashi: ta haihu a bar 'ya'yan, in yaro ya kwanta ciwo a sayar da ɗaya, in bikin 'ya ya matso a sayar da biyu a haɗa kayan ɗaki, in aka koro ɗa daga makaranta saboda kuɗin jarrabawa a kai ɗan bunsuru kasuwa. Gwamnatoci da ƙungiyoyin tallafi ma sun san haka, shi ya sa in za su taimaki zawarawa da marayu sukan raba musu awaki. Matar da ta saki akuyarta da safe ba don mugunta ta yi ba. Dusa ta yi tsada, harawa da kowar wake sun yi tsada, musamman daga tsakiyar rani zuwa saukar damina, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin ɗauko su daga ƙauye ya hau kan farashin. Gidan da mutane ke cin tuwo sau biyu da ƙyar ba zai sayi ɗaurin harawa kullum ba. Duk mai son a yi doka dole ya riƙe wannan a ransa, in ba haka ba zalunci zai rubuta.

To amma abincin da ba a saya wa akuyar ba, wani ne yake biya. Mai tumatir da alayyafo a gefen kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti yana wuni hannu ɗaya a kan ciniki, ɗaya a kan tsumagiya. In ya juya ya ba da canji, kafin ya waiwayo an zare masa ɗaurin latas, kuma ribarsa ta ranar ba ta fi ɗauri biyu ko uku ba. Matar da ta shanya kuɓewa ko tsakin masara a ƙofar gida sai ta ajiye yaro ya yi gadi, yaron da ya kamata yana islamiyya. Kowace damina ana raba dashen itatuwa, ana wa'azin kwararowar hamada, amma duk wanda ya taɓa dasa dalbejiya ko mangwaro a ƙofar gidansa ya san sai ya kewaye shi da bulo ko ƙaya, in ba haka ba kwana biyu sai ya tarar da tsinke. Makarantun firamare da ba su da katanga, da maƙabartun da shingensu ya zube, duk sun zama makiyaya. Waɗannan mutanen su ma talakawa ne. Ba daidai ba ne a ce tausayin mai akuya ya rufe mana ido daga haƙƙin mai alayyafo.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ko mai dabbar ma ba riba take ci ba. Je ka mayanka da sassafe ka tsaya kusa da masu wanke kayan ciki. Mahauci zai tsaga tumbin akuyar da aka sayo daga cikin gari, ya zura hannu, ya jawo wani dunƙule baƙi ƙirin mai tauri, ledoji ne da igiyar buhu da tsumma sun cure wuri ɗaya sun cika mata ciki. Su mahautan tun dabba tana tsaye suke ganewa: ciki ya kumbura, ƙugu ya rame, gashi ya tashi, in an taɓa gefen cikin a ji abu kamar dutse. Irin wannan dabbar ko an zuba mata dusa ba ta ci sosai, domin ba wurin da abincin zai shiga. Tana ramewa a hankali, nononta ya ƙafe, 'ya'yanta su mutu, uwar gida tana ta sayen maganin tsutsa ba ta san leda ce ba. Ƙarshenta a yi mata yankan gaggawa a sayar da araha. Ga kuma ɓarayi, waɗanda in Babbar Sallah ta gabato suke zagaya unguwanni suna tsintar raguna a cikin Keke Napep. Ga mota. Wadda ta lissafa abin da take asara a shekara za ta ga sakin bai rage mata komai ba.

Akwai wata magana ta fiƙihu da na ga ba a cika tuna mana ita ba, alhali tana cikin karatun zaure. A mazhabar Malikiyya, wadda muka tashi a kanta, fitsari da kashin dabbar da ake cin namanta masu tsarki ne. Wannan kowa ya riƙe shi, shi ya sa ba ma damuwa in kashin akuya ya taɓa tabarma. Amma malaman sun sa togiya: ban da dabbar da ke cin najasa. Akuyar da ke wuni a juji, inda ake zubar da ƙunzugun jarirai da abin da ya fi haka, tana shan ruwan kwata, ta fita daga wancan hukuncin. Ita ce kuma take dawowa ta kwanta a tsakar gida inda ake shimfiɗa sallaya, inda jariri ke rarrafe. Hadisi ma ya zo da hani a kan cin nama da shan nonon dabbar da ta mayar da ƙazanta abincinta. Haka nan masu cewa "ai ɓarnar rana ba a biya, ta dare ce ake biya" sun ɗauki rabin magana. Asalin hukuncin yana nan a hadisin taguwar Barra'u ɗan Azib, wadda ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, aka ce tsaron gona da rana yana kan mai gona, tsaron dabba da dare yana kan mai dabba. Amma malaman Malikiyya sun yi sharaɗi cewa ɓarnar rana tana faɗuwa ne in an saki dabbar a makiyaya nesa da shuke-shuken mutane. Tsakiyar kasuwa ba makiyaya ba ce. Da limamanmu za su ba wannan huɗuba ɗaya a shekara, da aikin hukuma ya ragu ƙwarai.

Ɗaurewa kaɗai kuma ba ta wadatar ba, domin wani turken ya fi titi ƙazanta. Gidajen cikin ganuwa matsattsu ne, an raba gado an sake rabawa, har ta kai turke da madafa da rijiya suna kafaɗa da kafaɗa. Da rani abin da sauƙi, kashi yana bushewa. Da damina kuwa sai wurin ya zama caɓi, fitsari da ruwan sama su haɗu su gangara, wani ya tsiyaya bakin rijiyar da ba ta da dakali, wani ya bi rariya ya fita lungu ya kwanta a ƙofar maƙwabci. Ƙuda ya tashi daga nan ya sauka a kan tuwo. Dabbar kanta kofatonta ya ruɓe, ƙwari su kama ta. Ruwan madatsar Gubi ba ya kai wa kowane gida kullum, don haka rijiya har yanzu ita ce abin dogaron mutane da yawa, kuma duk abin da ya shiga cikinta cikin yara zai ƙare. Abin da ake buƙata a nan ba mai tsada ba ne. A ɗaga daɓen turke ya fi tsakar gida tudu, a yi masa 'yar rumfa, a sa shi ta gangaren rijiya ba ta samanta ba, a yi wa rijiya baki da murfi, a share kullum a tara a buhu. Kuma kashin awaki kuɗi ne. Da tsadar takin zamani a yanzu, manoman kewayen gari da masu lambu suna nemansa ido rufe. Akuyar da ke ɗaure tana tara wa mai ita taki, wadda ke yawo kuwa a titi take zubar da shi. Da za a sami matasa a kowace unguwa masu bi gida-gida da amalanke suna saye ko suna musanya shi da harawa, da an sami sana'a, an kuma rage wa matan nauyin ciyarwa.

Sai mushe. Wannan kam ba ni da wani uzuri da zan ba kowa. Dabba ta mutu cikin dare, a ja ta a jefa a kwalbati ko a bola, ta kumbura ta fashe, karnuka su yi ta jan hanjinta a layi. Da can ungulaye kan rage mana wannan aikin, yanzu sun yi ƙaranci har yaran yau da yawa ba su taɓa ganinsu a kan rufin mayanka ba. A watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullar cutar antiraks, cutar dabbobi mai kisa wadda ke kama mutane ma, a wata gona a Suleja ta jihar Neja, kuma abin da likitocin dabbobi suka yi ta nanatawa a lokacin shi ne dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, musamman in jini na fita ta hanci ko ta dubura, kada a feɗe ta, kada a ja ta a ƙasa, a kira ma'aikata a binne ta da zurfi. Mutum nawa ne a unguwanninmu suka san wanda za su kira? Dokar da ta hana jefar da mushe dole ta zo da wurin binnewa da lambar wayar da in an buga za a ɗauka.

Wani zai ce mutanenmu ba za su bi ba. Ni ban yarda ba, domin sun daɗe suna bi. A ƙauyukan ƙasar Bauchi har gobe, da an yi ruwan shuka mai gari zai sa a yi shela cewa kowa ya ɗaure dabbarsa, kuma a ɗaure. Wadda aka kama a gona a kai ta ƙofar mai unguwa, mai ita ya zo, a je a duba ɓarna, dattawa su ƙiyasta, a biya ko a yafe. Ba a sakin su sai an kawar da amfanin gona. Ba ɗan sanda, ba lauya. Tsofaffinmu kuma suna ba da labarin duba-gari na zamanin En'e, wanda ke shiga gida ya leƙa randa da masai da turke, kuma ana shakkarsa. Abin da ya faru shi ne gari ya faɗaɗa, Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976, gonakin da ke bayan ganuwa suka zama Fadaman Mada da Federal Low-Cost da sauran sababbin unguwanni, sai aka ga tunda ba gona ba dalilin shela. Al'adar kiwon ta biyo mu birni, ƙa'idarta kuwa muka baro ta a ƙauye.

Kuma ba a rasa hurumin doka ba. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki har da kula da mayanka da kasuwanni, da kwashe shara, da tsara yadda ake ajiye dabbobin gida da zirga-zirgarsu. Aikin kansiloli ne su zauna su yi dokar. Shekara da shekaru ana cewa ƙananan hukumomi ba su da kuɗin kansu. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Ko ma yaya aiwatar da hukuncin yake tafiya, wannan aiki ne da bai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba, kuma irin aikin da aka ƙirƙiri ƙaramar hukuma dominsa ke nan.

Ga inda tsorona yake. In aka ce yau an hana sakin dabbobi, aka ɗebo matasa aka ba su mota da igiya aka ce su kama, to an buɗe kasuwa. Za a kama akuyar tsohuwa a bakin ƙofarta, a kai ta inda ba ta sani ba, a ce sai ta biya abin da ya kusa kuɗin akuyar, ba rasit. In ta kwana uku tana neman rance, ta je a ce an yi gwanjo. Wasu dabbobin su mutu da ƙishirwa a tsare, alhali mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Irin wannan kamen wata biyu zai yi, mutane su yi Allah ya isa, 'yan siyasa su ji tsoron ƙuri'a, a watsar, dabbobi su dawo titi, kuma a daɗe ba a sake samun mai ƙarfin halin tayar da maganar ba.

Shi ya sa nake ganin a mayar da abin hannun da ya san shi. Mai unguwa ya san akuyar gidan wane, ya san wace ce bazawara mai marayu biyar, ya san wane ne mai hali da ke sakin tumaki ashirin don rowa. Wurin tsarewa ya kasance a cikin gundumar, inda tsohuwa za ta iya takawa da ƙafa, da inuwa da ruwa da ciyawa. Kamun farko gargaɗi ne, a rubuta suna a littafi. Na biyu tara 'yar kaɗan da kuɗin abincin da dabbar ta ci, adadin a rubuce a jikin allo, da rasit. Kada a sayar da dabbar kowa sai an yi cigiya a masallatan unguwa an jira kwanakin da doka ta faɗa. Kuma kada ladan mai kamu ya danganta da yawan abin da ya kama. In an yi ɓarna, a zauna a ƙofar mai unguwa kamar yadda aka saba. "Inna, akuyarki ce ta ci wa yaron nan kaya?" "Ita ce, ranka ya daɗe, igiyar ce ta tsinke." "To ki ba shi rabin kuɗin, kai kuma ka yi haƙuri da sauran, uwa ce." An gama, kuma gobe za su gaisa. Kafin a fara kamun kuwa a ba da wata uku ana shela a rediyo da masallatai da coci-coci da gidajen biki, kuma a fara shi bayan kaka lokacin da harawa take da araha, ba a tsakiyar bazara ba.

Kare kuma maganarsa daban ce, domin a nan rai ake magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa yana firgita, to sai dai addu'a. Amma kafin nan ana iya tsere masa: a wanke wurin cizon da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a fara allura a ranar, kada a tsaya shafa gargajiya ana jiran a ga abin da zai faru. Mu da yake yawancinmu ba ma sakewa da kare, sai muke yi kamar babu shi a garin. Alhali ga karnukan 'yan farauta, ga na masu gadi, ga na gidajen da ke sakinsu da dare, ga waɗanda suka tashi a bola da bayan mayanka. In wani ya ciji yaro sai samari su bi shi da duwatsu su kashe su jefar, shi ke nan an rasa hanyar sanin ko yana da ciwon, alhali da an tsare shi kwana 10 ana dubawa, ko an kai kansa gwaji, da an sani.

Zuba guba, wanda shi ne abin da ke fara zuwa ran mutane, ba ya magani. Karnukan da aka kashe wasu ne za su maye gurbinsu muddin abincin yana nan, gubar kuma ta kashe kaji da kyanwoyi, ta kai ga yara. Abin da masana suka tabbatar shi ne in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri rigakafi ana maimaitawa duk shekara, ciwon yana yankewa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, nan maƙwabtanmu a Filato, tana yin wannan allurar. Kowace 28 ga Satumba ana bikin ranar yaƙi da ciwon, a yi jawabi a yi wa 'yan karnuka allura a asibitin dabbobi. Wannan bai isa ba, domin ɗan farauta mai kare takwas ba zai ɗauki hayar mota ya kai su ba. A bi ta hannun sarkin baka da shugabannin 'yan banga, a je musu har inda suke, kyauta, a ɗaura wa kowane kare alama a wuya. Daga nan doka ta ce kare marar alama ba ya kwana a waje, kuma wanda karensa ya ciji mutum shi zai biya kuɗin allurar, wadda tsadarta ke sa iyaye da yawa su fara su kasa ƙarasawa.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da ke tara akuya da kare a titi shi ne juji. Hukumar kare muhalli ta jihar Bauchi, BASEPA, tana kwashe shara, ana kuma tsaftar ƙarshen wata, amma sharar da gari irin wannan ke fitarwa kullum ta fi ƙarfin ranar Asabar ɗaya, kuma lungunan da mota ba ta shiga su ne suka fi tara ta. Jujin nan dai shi ne gidan ɓera, mai yaɗa zazzaɓin Lassa, kuma Bauchi tana cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi addaba a 'yan shekarun nan, tare da Ondo da Edo da Taraba. Hukumar da ta ce talaka ya ɗaure akuyarsa ya share turkensa, dole ita ma a ga ta kwashe tata bolar a kan lokaci, ta gyara magudanar jini da tumbi a mayanka.

Sannan a fara kamun daga sama. Akwai garken shanu da ake korawa a kan manyan titunan garin da rana tsaka, suna tsayar da motoci, suna cin furannin da aka kashe kuɗin jama'a aka dasa a tsakiyar hanya. Yaron da ke biye da su da sanda ba nasa ba ne, kuma kowa a unguwar ya san na wane ne. Akwai manyan gidajen da ake turke shanu goma sha a bayansu, ruwan turken yana fita ta rariya zuwa layin talakawa, ba mai iya ɗaga murya. In makon farko na dokar ya wuce ba a rubuta wa ɗaya daga cikin waɗannan takardar tara ba, mai unguwa ba zai sami bakin yi wa tsohuwa mai akuya biyu magana ba.